Salsalar Gidan Niall na Ƙasar Ailan: Jini Ne Ya Rubuta Ta, ko Mulki?

Maganarmu ta yau za ta kai mu tsibirin Ailan, can yamma da Ingila, kuma za ta tsaya a kan gidan sarauta guda ɗaya, wanda ake kira Uí Néill, wato zuriyar wani mutum mai suna Niall. Gidan nan ya riƙe sarautar Tara, wadda babu kamarta daraja a tsibirin, tun daga wajen ƙarni na 6 har zuwa farkon ƙarni na 11, kuma wani reshe nasa, mutanen O'Neill na ƙasar Tyrone, bai rabu da mulki ba sai a farkon ƙarni na 17. Sama da shekara dubu ke nan. Gida irin wannan ba ya rasa salsala, kuma tasu tana nan a rubuce, wane ɗan wane ɗan wane, har ta dangana da Annabi Nuhu, daga nan ta wuce zuwa Annabi Adamu. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, wannan salsala takardar mulki ce tun kafin ta zama takardar haihuwa. Masu iko ne suka sa aka tsara ta, ana kuma yi mata gyara duk sa'ad da iko ya sauya hannu. Kuma wannan hali nata bai zubar mata da daraja ba, shi ne ma ya mayar da ita shaida mai amfani ga mai neman tarihi, muddin ya san irin tambayar da zai yi mata.

Mu fara da dalilin da ya sa mutanen Ailan suka damu da nasaba haka. A zamanin da muke magana tsibirin ba ƙasa ɗaya ba ce. Masanin tarihi Francis John Byrne ya ƙiyasta cewa a kowane lokaci tsakanin ƙarni na 5 da na 12 akan sami sarakuna aƙalla 150, kowa da 'yar ƙasarsa, ƙanana na bin manya, manya na bin waɗanda suka fi su. A dokarsu ta gargajiya gonar gado ta dangi ce, kuma dangin da doka ta sani su ne mazan da suka haɗa kakan uba ɗaya, wato zuriya huɗu, abin da suke kira derbfine. Su ne ke gādon juna, su ne ke biyan diyya idan ɗayansu ya yi kisa, su ne ke karɓa idan an kashe nasu. Sarauta ma ba ta babban ɗa ba ce kai tsaye. Duk wanda ubansa ko kakansa ko kakan ubansa ya taɓa yin sarki yana da bakin nema, sauran kuma ƙarfi da yawan magoya baya su raba gardama. To a irin wannan tsari, mutumin da ya kasa lissafa kakanninsa ya yi asarar gona, ya yi asarar kariya, ya yi asarar sarauta. Shi ya sa aka sami aji guda na malamai, mawaƙan fada da masana nasaba, waɗanda sana'arsu ke nan, kuma sarki ne ke ciyar da su. Abin da suka bari yana da ban mamaki don yawa. Akwai kundin da ke ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, wanda aka rubuta wajen 1130, akwai Littafin Leinster na wajen 1160, akwai na Ballymote da na Lecan na ƙarshen ƙarni na 14 da farkon na 15. Kundin da M. A. O'Brien ya buga a 1962, wanda ya tattara tsofaffin salsaloli kaɗai, ya ƙunshi sunayen mutane sama da 10,000. Babu wata ƙasa a Turai ta wancan zamani da ta bar makamancin wannan.

Saman salsalar ba ya buƙatar dogon bayani, don babu masanin da ke jayayya a kansa yau. An ce duk sarakunan Ailan sun fito daga wani jarumi mai suna Míl, wanda ya zauna a Sifen, matarsa kuwa 'yar Fir'auna ce, kakanninsa sun fito daga Yafisu ɗan Nuhu, 'ya'yansa suka ƙetaro teku suka ci tsibirin. Gidan Niall aka jingina shi ga ɗansa Éremón, sarakunan kudu aka ba su ɗan'uwansa Éber. Wannan labari an tsara shi cikakke a ƙarni na 11 cikin littafin da ake kira Lebor Gabála Érenn, kuma kayan ginin a fili suke: jerin al'ummai na Attaura, da rubuce-rubucen malaman Kirista irin su Orosius da Isidore na Seville. Mutane ne da suka karɓi Kiristanci, suka buɗe littafi mai tsarki suka tarar ya lissafa al'umman duniya bai ambace su ba, sai malamansu suka nema musu gurbi. Amma kada wani ya ɗauka abin ya tsaya a ɗakin karatu. A 1317 Domnall O'Neill, sarkin Ulster, ya aika wa Fafaroma John na 22 takardar ƙara a kan zaluncin Ingilishi, kuma hujjarsa ta farko ita ce wannan salsala: kakanninsa sun zo daga Sifen, sarakuna 197 na jininsu sun mulki tsibirin a jere kafin baƙi su shigo, shi kuma magajinsu ne kai tsaye. Tatsuniya ce, amma a gaban kotun da ta fi kowace girma a Turai aka gabatar da ita a matsayin takardar mallaka.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne kan Niall kansa. Ana masa laƙabi da mai garkuwa tara, domin a al'adarsu sarkin da aka fi ƙarfi yakan ba da 'ya'yan manyansa su zauna a hannun wanda ya fi shi, jingina ce ta biyayya. Wata ruwaya ta ce biyar daga lardunan Ailan suke, huɗu daga ƙetare. Masana da yawa suna ganin ƙananan ƙasashe tara ne na mutanen Airgíalla da ke tsakiyar arewa. Yaushe ya rayu? Kundin da wasu malamai huɗu suka tattara a shekarun 1630 ya sa mutuwarsa a 405, masu bincike na zamani kuma sun matso da ita wajen 450. Ko wanne aka ɗauka, rubutun littafi bai kafu ba tukuna a tsibirin. A 431 ne Fafaroma ya aika bishop na farko, Palladius, kuma ba a fara rubuta abin da ke faruwa shekara-shekara ba sai can cikin ƙarni na 6, a gidan ibada na Iona. Saboda haka babu layi ɗaya da wani ya rubuta a kan Niall yana raye. Abin da muke da shi labari ne, kuma ya kamata mu dube shi da kyau. An ce ubansa, Eochaid, yana da uwargida mai suna Mongfind wadda ta haifa masa maza huɗu, Brión da Fiachrae da Ailill da Fergus, sa'an nan yana da kuyanga mai suna Cairenn, 'yar sarki ce da aka kamo daga ƙetare. Uwargida ta sa ta ɗiban ruwa har da tsohon ciki, ta haifi Niall a fili, ta bar jaririn don tsoro, wani mawaƙi ya tsince shi ya rene shi. Da ya girma ya dawo gidan ubansa, sai aka shirya gwaji: aka shigar da yaran maƙera aka cinna mata wuta, a ga abin da kowa zai fito da shi. Brión ya ɗauko gudumomi, Ailill ya ɗauko akwatin makamai, Fergus ya fito da damin itace, Niall kuwa ya rungumo uwar maƙera. Bayan haka suka tafi farauta, ƙishirwa ta kama su, suka sami rijiya da wata tsohuwa mummuna na tsaronta, ta ce babu mai shan ruwa sai ya sumbace ta. Uku suka ƙi. Fiachrae ya ɗan taɓa kumatunta da leɓe ya janye. Niall ya rungume ta, nan take ta rikiɗe ta zama kyakkyawar budurwa, ta ce ita ce sarautar Ailan, kuma ta hore shi kada ya ba 'yan ubansa ruwa sai sun sallama masa girma.

Yanzu ku lura da abin da labarin ke yi. 'Yan uban nan ba yara ba ne kawai a tatsuniya. Brión da Fiachrae da Ailill su ne kakannin gidajen sarautar Connacht, a yammacin tsibirin, don haka labarin yana faɗa wa mutanen yamma dalilin da ya sa suke ƙasa da gidan Niall duk da cewa kakanninsu ne 'ya'yan uwargida. Fergus mai damin itace bai bar gidan sarauta ba. 'Yar sumbar Fiachrae kuma an auna ta daidai: sarakuna biyu ne daga zuriyarsa suka shiga jerin sarakunan Tara, Dath Í da Ailill Molt. Mafi daɗi ma, labarin ya ce sarauta za ta zauna a gidan Niall in ban da waɗannan biyu, da wani ɗaya daga Munster, Brian Bóruma. Brian kuwa a 1002 ya ƙwace sarautar daga hannun Máel Sechnaill na gidan Niall. Ke nan annabcin da aka sa a labarin ƙarni na 5 ya san abin da ya faru a ƙarni na 11, domin a lokacin aka rubuta shi, daidai sa'ad da gidan Niall ya ga sarautar ta suɓuce masa yana buƙatar ya nuna cewa Brian ratse ne kawai. Waƙar da ta ba da wannan labari ana danganta ta ga Cúán ua Lothcháin, mawaƙin fadar Máel Sechnaill, wanda ya rasu a 1024.

'Ya'yan Niall ma idan aka jera su, taswira ce ke fitowa. Eógan shi ne kakan mutanen Inishowen da Tyrone, Conall kakan mutanen Donegal, waɗanda daga baya suka zama gidan O'Donnell. Lóegaire da Coirpre da Fiachu da Maine da wani Conall ɗin kuma kowa da yankinsa a tsakiyar ƙasa. Yawan 'ya'yan bai tsaya wuri ɗaya ba, yana ƙaruwa daga littafi zuwa littafi har ya kai 14. Mamaci ba ya ƙara haihuwa, amma daula tana ƙara faɗi, kuma duk ƙasar da ta shigo ƙarƙashinta da sulhu ana iya ba kakanta ɗaki a gidan. Brian Lacey, a littafinsa na 2006 kan sarakunan Donegal, ya kai maganar ƙarshe: a ganinsa mutanen Conall da na Eógan 'yan ƙasa ne na arewa tun asali, sai a ƙarni na 8 aka ɗaura su a jikin Niall. Ba duk masana suka yarda da shi ba, amma siyasar lokacin ta dace da zancensa. Daga 734, bayan an kawar da gidan Conall daga sarautar Tara, sai aka shiga karɓa-karɓa tsakanin gidan Eógan na arewa da gidan Colmán na tsakiyar ƙasa, kuma tsarin ya ɗore har zuwa 1002 in ban da sarki ɗaya. Karɓa-karɓa tsakanin gidaje biyu masu nisa da juna tana buƙatar dalili, kuma a ƙasar da doka ba ta san wata alaƙa da ta wuce ta jini ba, dalilin dole ya zama 'yan'uwantaka. Gidan Brian ma da wannan dabarar ya hau. Asalinsu wani ɓangare ne na talakawan da ake kira Déisi. Da suka yi ƙarfi a ƙarni na 10 sai ga su da sabon suna, Dál Cais, wanda ya fara bayyana a kundin shekaru a 934, da sabon kaka, Cormac Cas, wanda aka ce ƙanen kakan sarakunan Munster ne, har da wasiyyar cewa gidajen biyu su riƙa karɓar sarauta bi da bi. Mai sauraro Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ba, don ya san labarin Bayajida, da baƙon ɗan sarki, da rijiya, da yadda aka raba ƙasashe gida biyu, bakwai ta wajen sarauniya, bakwai ta wajen kuyanga.

Ƙalubale na farko da za a kawo mini shi ne na kimiyya, kuma yana da ƙarfi. A 2006 masu binciken ƙwayoyin halitta na Kwalejin Trinity da ke Dublin suka buga sakamakon gwajin da suka yi kan ƙwayar Y, wadda ɗa ke gāda daga ubansa kaɗai. Suka gano cewa a arewa maso yammacin Ailan kusan namiji ɗaya cikin biyar yana ɗauke da alama iri ɗaya, cewa alamar ta fi yawa a cikin masu sunayen gidajen da salsala ta danganta ga Niall, irin su O'Donnell da Gallagher da Doherty, kuma kakan da suka haɗa ya rayu kimanin shekara 1,700 da suka wuce. Suka ƙiyasta cewa maza miliyan 2 zuwa 3 a duniya na iya zama zuriyarsa. Jaridu suka ɗauka, aka ce an gano Niall. To me binciken ya tabbatar? Ya tabbatar da cewa gidajen sarautar arewa maso yamma suna da dangantakar jini ta gaske, kuma mulki na yawaita zuriya. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san cewa manyan Ailan, duk da Kiristancinsu, suna tara mata, kuma doka ba ta cika bambanta ɗan uwargida da ɗan wata ba. Turlough O'Donnell, wanda ya rasu a 1423, ya bar 'ya'ya maza 18 daga mata 10, da jikoki maza 59. A ninka wannan ƙarni bayan ƙarni, 'ya'yan sarakuna na ture talakawa daga gonaki, za a ga yadda jinin mutum ɗaya ke mamaye lardi. Amma ƙwayar halitta ba ta ɗauke da suna. Lissafin shekarun yana da rata ta ɗaruruwan shekaru gaba ko baya, alamar tana nan a gidajen Connacht, tana nan a kudancin Sikotilan, don haka mai ita na farko yana iya girme wa Niall nesa. Idan kuma mutanen arewa maso yamma dangin juna ne tun asali, kamar yadda Lacey ya ce, sakamakon gwajin zai fito haka ko da Niall ko babu shi. Sa'an nan ga babban cikas: da aka gwada masu sunan O'Neill kansu, rukuni mafi girma a cikinsu ya fito da wata alama dabam.

Wannan cikas yana da inda ya dace a tarihi. Sunan O'Neill ba daga Niall na farko ya fito ba, daga Niall Glúndub ne, sarkin Tara da mayaƙan Viking suka kashe a kusa da Dublin a 919; jikansa Domnall, wanda ya rasu a 980, shi aka fara kira da sunan. Bayan mutuwar Flaithbertach O'Neill a 1036 sai gidan ya dusashe, 'yan'uwansu na gidan Mac Lochlainn suka riƙe sarauta sama da shekara ɗari. Sai a shekarun 1160 wani Áed O'Neill ya ɓullo, kuma mafi yawan sunayen da salsala ta jera tsakaninsa da Flaithbertach ba a jin ɗuriyarsu a kundin shekaru. Zuriyarsa ce ta murƙushe gidan Mac Lochlainn a yaƙin Caimeirge a 1241, ita ce kuma ta riƙe Tyrone daga nan har ƙarshe. Ba na cewa Áed baƙo ne. Babu mai shaidar da za ta yanke wannan. Abin da nake cewa shi ne, a wannan ratar ce kaɗai ba mu da shaida ta biyu, kuma waɗanda suka ci yaƙi su suka biya marubutan da suka cike ta.

Ƙalubale na biyu ya fito daga ɗaya gefen. Wani zai ce, tun da an tabbatar ana ƙari ana ragi, a watsar da salsalar gaba ɗaya mana. Wannan gaggawa ce. Daga ƙarni na 7 zuwa gaba muna da kundin shekaru da malaman coci ke rubutawa a wurare daban-daban, suna cewa a shekara kaza wane ɗan wane ya mutu, ko an kashe shi a yaƙi kaza. Idan aka gwama waɗannan da salsala, sukan dace ƙwarai, uba a zamaninsa, ɗa a nasa, jika a nasa. Dalili a fili yake. Ba ka iya ƙirƙira wa mutum kakan uba a gaban jama'ar da suka san shi, alhali gona da diyya sun rataya a kan sunan. 'Yan uba na nan suna jira su ƙaryata ka. Gyara yana yiwuwa ne a can sama, inda babu mai rai da ya gani, wurin da ake haɗa wannan gida da wancan. Akwai kuma gyara iri na biyu, na sara: reshen da ya faɗi daga mulki marubuta sukan daina bin sa, sai ka ga zuriya ta tsaya cik, ba don ta ƙare ba, don babu mai biyan kuɗin tawada. Mai bincike da ya san waɗannan halaye biyu yana karanta salsala hawa-hawa. Ƙasanta yana ba shi sunayen mutanen gaske, mahaɗanta suna gaya masa wa ke ƙawance da wa, wa ke bin wa, a shekarar da aka rubuta. Ƙaryar da aka yi wa Dál Cais ba ta gaya mana komai game da ƙarni na 3, amma babu shaidar da ta fi ta bayyana burin gidan Brian a ƙarni na 10.

Ƙalubale na uku shi ne wanda ya fi taɓa zuciya, musamman ga mutanen da suka ɗanɗani mulkin mallaka. Za a ce, ashe ba wannan ne abin da mai mamaya ke faɗa kullum ba, cewa tarihin 'yan ƙasa tatsuniya ce, malamansu maƙaryata ne? Amsata ita ce, malaman Ailan sun san abin da suke yi, kuma ba su ɓoye ba. A cikin littattafan kansu ana yawan cin karo da wurin da marubuci zai kawo ruwaya biyu masu saɓani ya ajiye su gefe da gefe. Gidan Mac Lochlainn ma asali biyu aka ba shi. A wurinsu zama ɗan gida magana ce ta karɓa da amincewa, kuma shari'ar da ta fi nuna haka ta faru a gaban Ingilishi. A 1542 Conn O'Neill ya je Ingila ya miƙa ƙasarsa ga Sarki Henry na 8, aka mayar masa da ita da muƙamin Earl na Tyrone, bisa sharaɗin gādo irin na Ingila, aka kuma rubuta ɗansa Matthew a matsayin magaji. Matthew kuwa a garin Dundalk ya tashi, a gidan wani maƙeri mai suna Kelly, sai da ya zama saurayi uwarsa ta ce ai ɗan Conn ne, Conn kuma ya karɓa. Ɗaya ɗan, Shane, bai yarda ba. Mutanensa suka kashe Matthew a 1558, kuma a 1562 Shane ya je Landan gaban Sarauniya Elizabeth ya kare kansa da hujja biyu: cewa Matthew ɗan maƙeri ne, ubansu dai mutum ne da ba ya mayar da duk yaron da mace ta jingina masa, da cewa Conn ba shi da ikon kyautar da ƙasar, domin riƙo aka ba shi na tsawon rai, jama'a ke zaɓen O'Neill. Amma a al'adar ƙasar, karɓar da Conn ya yi ta isa. Ɗan Matthew ɗin nan, Hugh, shi aka naɗa O'Neill a 1595 a kan kujerar dutse ta Tullyhogue, aka miƙa masa sanda, aka jefa takalmi bisa kansa kamar yadda aka yi wa na gabansa. Shi ya karya rundunar Ingila a Yellow Ford a 1598, shi ne kuma mutumin da tarihin Ailan ke kira babban O'Neill. Ko jinin Conn ne a jikinsa ko na maƙerin Dundalk, mutanen Tyrone sun bi shi yaƙi shekara tara.

Su Ingilishi kuma ba su da bakin yi wa kowa dariya. A 1569, bayan an kashe Shane, majalisar da ke Dublin ta yi dokar ƙwace ƙasarsa da haramta sunan O'Neill a matsayin sarauta. A gabatarwar dokar sai da aka tsaya aka kafa hujjar cewa haƙƙin sarakunan Ingila a kan Ailan ya girmi na gidan O'Neill, aka kawo labarin wani tsohon sarkin Biritaniya mai suna Gurmund, wanda aka ce shi ya ba baƙin da suka taso daga Sifen izinin zama a tsibirin. Wato ba su ƙaryata labarin Míl ba, sun ɗora nasu a kansa ne, daga littafin tatsuniyoyin Geoffrey na Monmouth. A 1602 Mountjoy, wakilin sarauniya, ya sa aka farfasa kujerar Tullyhogue. A watan Satumba na 1607 Hugh ya shiga jirgi a Rathmullan tare da shugaban gidan O'Donnell, ya rasu a birnin Rum a 1616.

Da mulki ya tafi, salsala ba ta mutu ba, ta sauya ubangida ne. Dubhaltach Mac Fhirbhisigh, ɗaya daga cikin na ƙarshe a gidajen malaman nasaba na gado, ya zauna a Galway a 1649 da 1650, annoba na cin gari, rundunar Cromwell ta Ingila na cin ƙasa, ya tattara babban kundinsa, wanda bai fito a buge cikakke ba sai a 2003 da 2004, cikin juzu'i biyar. 'Ya'yan sarakunan da suka yi hijira kuma suka tarar cewa a Sifen da Faransa ba a shiga wasu muƙaman soja da na fada sai da takardar shaidar cewa mutum ɗan asali ne, sai salsala ta zama abin neman aiki. Ta kuwa yi aiki: Leopoldo O'Donnell, daga zuriyar Conall, ya zama firaministan Sifen a 1856. Da Ailan ta sami 'yancin kanta, ofishin nasaba na gwamnati ya fara, a 1944, ba wasu mutane amincewar girmamawa a matsayin shugabannin tsofaffin gidaje. A 1999 aka janye amincewar daga wani da ya yi shekaru yana amsa sunan magajin sarakunan Munster, bayan an gano takardunsa na jabu ne, a 2003 kuma aka daina ba da ita ga kowa. Ma'aunin da ofishin ya yi aiki da shi duk tsawon shekarun nan shi ne babban ɗa daga babban ɗa, wato dokar gādon Ingila, wadda Shane O'Neill ya je har Landan a 1562 ya ce ba a san ta a Tyrone ba.